Za a Sake Shi Ranar Alhamis

Lahadi, bayan sujada

Yau Fasto ya faɗa a gaban ikkilisiya. Bai kira suna ba. Ya ce wani ɗan'uwa da ya ba da gaskiya a gidan yari zai fito kwanan nan, kuma a nan zai riƙa yin sujada tare da mu. Mutane suka ce amin, wasu har da tafi. Ina zaune a bencinmu, Mama a damana, sai na ji hannunta a kan gwiwata, sanyi ƙalau.

Baban yara yana can gaba cikin dattawa, bai juyo ba. Ya daɗe da sani. Shi ke zuwa gidan yarin duk Asabar yana yi musu karatu, kuma yana tsaye a wurin ranar da aka yi wa mutumin baftisma. Ya gaya mini a lokacin, na ce kada ya ƙara kawo mini zancen cikin ɗakina. Na ɗauka maganar za ta tsaya can bayan katanga.

Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Na ƙanena Auta, da ya mutu a hannunsa, ma ban iya rubutawa.

Litinin, da yamma

Gidan burodi kamar kullum: zafin tanda, gari a gashin ido, ni ina ɗaure burodi a leda ana jerawa a katako. Rediyo, wadda muke teburi ɗaya da ita, ta riga ta ji labari, ko da yake ba cocinmu take zuwa ba. Ta ce, "Ke 'yar'uwa, ashe ku a wurinku haka abin yake? Mutum ya yi wannan ɗanyen aiki, a tsoma shi a ruwa ya fito fes? To ni ma ku yi mini hanya, akwai wata kishiyar uwata da nake so in gama da ita tukuna." Ta yi dariya, masu kwaɓa gari suka taya ta. Da ta ga fuskata sai ta kama bakinta.

Na ɓata leda da yawa yau. Yatsuna sun ƙi ɗaurin.

Laraba, bayan cin abincin dare

Mun yi maganar. Na jira yara suka shiga ɗaki, na ce masa, "Cocin duniya sun ƙare ne sai namu?"

Ya ce shi mutumin ne ya roƙa. Ya ce ba ya so ya je inda ba a san abin da ya yi ba, a riƙa ganinsa mutumin kirki.

Na ce, "To me ya yi da har aka ce an wanke shi? Ya dawo da Auta?"

Baban yara ya ajiye cokali. Shi mutum ne mai magana a hankali, irin yadda yake taɓa wayar wuta in yana gyara. Ya ce, "Bai yi komai ba, Maman yara. Babu abin da zai iya yi. Ya dogara ga Almasihu, shi ke nan. Allah ya baratar da shi, ya ce ba shi da laifi a gabansa, ba don aikinsa ba. Ke da bakinki kin koya wa mata wannan."

Na ce, "Ashe abin da araha."

Ya ce, "Ba araha ba ne. Ba mu ne muka ɗauki nauyinsa ba."

Na kwashe kwanuka. Gaskiya ne na koya wa mata. Na tsaya a gabansu na ce ba azumi, ba sadaka, ba shara a coci ke sa Allah ya karɓe mu ba, bangaskiya ce kaɗai. Suka gyaɗa kai, ni ma na ji daɗin bakina. Lokacin ban san maganar tana da fuska ba, doguwar fuska mai tabo a haɓa, wadda ta sha zama a tsakar gidanmu.

Alhamis, da asuba

Ban yi addu'a ba. Na durƙusa dai.

Asabar, da rana

Na je wurin Mama. Na same ta a ɗakin Auta tana kakkaɓe katifa. Har yanzu takalmansa na ƙwallo suna ƙarƙashin gado, tana goge su kamar zai shigo ya nema.

Ba ta ce uffan a kan sanarwar ba sai da na tashi tafiya. Ta ce, "Kwano ɗaya nake zuba musu. In Auta ya riga shi dawowa, sai ya ce Mama a rufe, sai abokina ya zo." Ta kalli takalman. "Mama yake ce mini."

Ranar jana'iza ba su bar ta ta ga fuskar Auta ba. Ni na gani, ni da Yaya, babban wanmu. Tun daga ranar Yaya bai ƙara taka ƙofar coci ba.

Da zan fita na lura an gyara ƙofar gidan, wadda ta shekara tana jan ƙasa. Sabuwar walda, har da fenti. Mama ta ce Yaya ne ya zo jiya, ya gyara ta, ya gyara tagar kicin, ya hau ya ɗaure tankin ruwa. Ta ce, "Ban roƙe shi ba."

Lahadi, da yamma

Wa'azin yau kamar da ni ake. Fasto ya ce dukanmu layi ɗaya muke a gaban Allah, babu mai tsayawa da ƙafarsa. Ya ce mai tsoron Allah tun yarinta da wanda ya zo jiya da jini a hannu, ƙofa ɗaya suke shiga.

Layi ɗaya. Ni da ban taɓa fashin sujada ba ko da cikin wata tara. Ni da nake share cocin nan tun ina budurwa. Ni da na yi jinyar Baba har ya cika, na riƙe Mama bayan abin da ya faru. Ni da shi, layi ɗaya.

Na fita kafin a rufe da addu'a. Fasto ya aiko a ce yana son ganina. Na ce a ce masa kaina ke ciwo.

Talata, lokacin hutun rana

Yaya ya zo gidan burodi. Bai taɓa zuwa ba. Ya tsaya a ƙofar baya inda ake sauke buhunan gari, da rigarsa ta aiki mai hujojin tartsatsin walda. Ya rame. Ya yi aski tas.

Ya tambayi yara, ya tambayi aiki. Ya ce ya kai matarsa da 'ya'yansa wurin iyayenta su ɗan huta. Na ce makaranta fa? Ya ce ba komai.

Sai ya ce, "Ƙanwata, yaushe ne?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Mijinki ya sani."

Na ce me zai yi da sanin ranar? Ya ce kallonsa kawai yake so ya yi. Ya ga yadda mutum ke kama in Allah ya yafe masa. Ya faɗa yana murmushi, irin murmushin da ban san shi da shi ba.

Rediyo ta leƙo bayan ya tafi ta ce, "Yayanki ne? Idonsa bai yi mini ba." Yau kam ba ta yi wasa ba.

Laraba, da safe

Na bi ta gaban shagon Yaya. Ya mayar wa mutane ƙyamarensu, har waɗanda bai gama ba. Shagon fayau, ya share har lungu. Yana zaune a kan benci da guntun ƙarfe a hannu, yana naɗa masa tsumma a gindi.

Ban tsaya ba. Bai gan ni ba, ina tsammani.

Jumma'a, da yamma

Baban yara ya faɗa da kansa, ban tambaya ba. Alhamis mai zuwa za a saki mutumin, da hantsi. Coci ta samar masa ɗaki a bayan injin katako. Ba shi da kowa, danginsa sun yi watsi da shi tun tuni, don haka da ƙafa zai taho ta hanyar layin dogo. Ya ce ya so ya je ya ɗauko shi a babur, amma ranar suna da aikin jan waya a wani sabon gini, ba za a bar shi ba.

Ya ce, "Na gaya miki ne don kada ki ji a bakin wani. Ban ce ki yafe masa yau ba. Allah bai sa miki rana ba."

Ya kama hannuna. Na bar masa hannun kamar ba nawa ba.

Asabar

Alhamis, da hantsi, hanyar layin dogo. Yana ta yawo a kaina kamar waƙar talla.

Litinin, bayan tashi daga aiki

Yaya ya sake zuwa. Wannan karon a bakin titi ya jira ni, ya karɓi jakata ya riƙe mini kamar lokacin da yake raka ni makaranta. Muka yi tafiya har kwanar gidanmu.

A kwanar ya ce, "Kin tuna fuskarsa?"

Na san fuskar da yake nufi.

Ban daɗe a tsaye ba. 'Yan kalmomi ne na faɗa masa. Ya miƙo mini jakata ya ce in gaida yara.

Kallo kawai zai yi. Shi ya faɗa.

Talata, da asuba

Kallo kawai zai yi.

Laraba, da yamma

Na yi niyyar gaya wa Baban yara. Ya dawo a gajiye, na kawo masa ruwa, na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa ko ya sayo gas. Ya jagoranci addu'ar iyali, ya sa sunan mutumin a ciki, ya sa na Yaya, ya sa na Mama. Yara suka ce amin. Ni ma na ce.

Na yi guga, na goge kicin, na wanke labulen da ban daɗe da wankewa ba. Na ware kayan da zan kai wa marayu. Duk abin da hannuna ya samu na yi.

Sararin sama ya yi nauyi tun la'asar, ruwan ya ƙi sauka.

Alhamis, da safe

Baban yara ya fita da wuri. Ya sa farar rigarsa, ba ta aiki ba. Sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace na tuna jakar kayan aikinsa tana nan bayan ƙofa.

Na kira wayarsa, tana kan tebur tana ruri. Na kira Yaya, a kashe.

Alhamis, da yamma, asibiti

Ina rubutu a kan gwiwata a barandar ɗakin tiyata. Ashe ya roƙi maigidansu ya ba shi rabin yini don ya ɗauko mutumin a babur, bai gaya mini ba don kada raina ya ɓaci.

A wurin da babur ke rage gudu zai hau layin dogo. Masu sayar da lemo sun gani. Sun ce na bayan aka nufa, na gaban ya juyo ya tare.

A kai ne.

Sun ce Yaya bai gudu ba. Ya zauna a kan ƙarfen layin ya dafe kansa har 'yan sanda suka zo.

Jumma'a, da hantsi

Baban yara bai farka ba. Likita ya ce a samo masu ba da jini. Dattawa sun zo, Rediyo ma ta zo ta nannaɗe hannun riga tana cewa a ɗiba da yawa, nata ya yi mata yawa shi ya sa take surutu. Na kusa yin dariya, sai kuka ya zo a madadinta.

Akwai wani a ƙarshen baranda tun jiya, zaune a ƙasa, rigarsa duk ta bushe da jini. Nas ta ce shi ya goyo mijina a baya har titi. Na san ko wane ne. Ya tsufa, furfura ta fito masa, tabon haɓar yana nan.

Ban kalli wajen ba.

Asabar, da la'asar

Na fito shan iska na same shi a bencin waje, da auduga manne a hannu. Shi ma ya ba da jinin. Ya miƙe da ya gan ni, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya." Haka yake kirana da, yana bin bakin Auta.

Na ce, "Kada ka ƙara." Na ce, "Kana tsammani wannan zai goge wancan?"

Ya ce, "A'a. Ko duka aka tsiyaye ba zai goge ba." Ya ce shekarunsa na farko a can ya yi ta neman abin da zai yi. Ya daina cin nama, ya karɓi wankin bayan gida na kowa, ya riƙa kwana a siminti ga tabarma. Ya ce duk safiya yana tashi abin na nan yadda yake, ko ƙwayarsa bai ragu ba. Har ya nemi ya kashe kansa. "Sai mijinki ya ce mini, ka daina, ba za ka iya ba. Wani ya riga ya ɗauka, kai dai ka yarda. Na ce ni? Ya ce kai. Ban ce na cancanta ba. Ban ce ku yafe mini ba. In kun ce in bar garin, yau zan bari."

Ban shirya faɗa ba. Ko Fasto ban gaya wa ba. Na ji bakina yana cewa, "Ni na gaya masa ranar. Ni na gaya masa hanyar. Na ga ƙarfen a hannunsa kafin nan."

Ya ɗago ya kalle ni, karo na farko. Na jira ya ce wani abu, ko ya yi mini irin kallon da na yi shekaru ina tanadar masa. Sai ya matsa can ƙarshen bencin ya bar mini wuri.

Na zauna.

Litinin, da rana

Na kai wa Yaya abinci wurin 'yan sanda. Ta bayan ragar waya muka yi magana. Ya ce, "Yana da rai?" Na ce yana numfashi. Ya ce bai ambaci sunana ba, kuma ba zai ambata ba. Na ce ya makara, da safe na je na faɗa wa mai binciken da kaina. Ya rubuta, ya ce za a neme ni.

Yaya ya jingina goshinsa da wayar ya ce, "Na ga farar rigar. Hannuna ya riga ya tafi."

Da an tambaye ni wata guda da ya wuce me zan nuna wa Allah, da na cika shafin nan. Yau na zauna na duba, shara da azumi da jinyar Baba, babu wanda na iya ɗagawa in sa a gefen gadon nan ya tsaya.

Laraba, da hantsi

Baban yara ya buɗe ido. Na dama kawai, likita ya ce na hagun sai dai haƙuri. Maganarsa tana fita a karkace. Abin da ya fara tambaya shi ne ko mutumin ya samu ɗakinsa.

Na gaya masa komai. Na faɗa ina kallon robar ƙarin ruwa, ban iya kallonsa ba. Hawaye na bin gefen idon mai gani. Ya juya fuskarsa bango. Na ɗauka shi ke nan.

Can ya ce, "Ya yi mini ciwo, Maman yara. Zai daɗe yana yi." Ya numfasa. "Ranar Lahadi ki je coci."

Na ce da wane ido?

Ya ce, "Da wanda kowa ke zuwa da shi."

Lahadi, bayan sujada

Na je. Ban iya zama a bencinmu ba, na zauna a na ƙarshe kusa da ƙofa. Mama ta bi ni can ba ta tambayi dalili ba. Ana cikin waƙar farko mutumin ya shigo, ya duba, babu wuri sai a bencin da muke zaune. Ya tsaya yana shirin komawa waje. Mai tsaron ƙofa bai san komai ba, ya tura shi ya zauna a haguna.

Ban san yau Jibin Ubangiji ba ne sai da na ga an yaye farin ƙyalle daga kan teburin gurasa da ƙananan kofuna. Fasto ya ce teburin ba na waɗanda suka isa ba ne, na waɗanda suka san ba su isa ba ne, suka dogara ga wanda ya isa. Na sha jin wannan. Yau na ji shi kamar mai ƙishi ya ji ƙarar famfo.

Tiren ya taho hannu zuwa hannu. Ya iso wurinsa, ya ɗauka, ya juyo gare ni. Na karɓa da hannu biyu. Na ɗauki nawa. Ban ji na zama wata mutuniyar kirki ba, ban ji na daina ganin fuskar Auta ba. Na dai sha.

Na miƙa wa Mama. Ta riƙe tiren a cinyarta har dattijon da ke jira a gefe ya fara gyaran murya. Ba ta ɗauka ba, ta miƙa masa.

Da aka tashi mutane suka dare, kowa na satar kallonmu. Mama ta dafa benci ta miƙe, ta tsaya a gabansa. Ya durƙusa har ƙasa. Ta daɗe tana kallon furfurar kansa.

Ta ce, "Ban yafe ba tukuna. Kada wani ya ce maka na yafe."

Ya ce, "Na sani, Mama."

Ta runtse ido da ta ji sunan. Na ɗauka za ta faɗi, na riƙe ta. Ta gyara mayafinta ta ce masa, "Tashi, kana tare wa mutane hanya. 'Yata za ta asibiti da kaya, ga kwando ga filas. Ka riƙe mata."

Ya ɗauki kwandon. Muka fita, yana biye da mu a baya.